Tsahara a Bencin Baya

"Ka ce musu ka daina! Shi ke nan fa, Ɗantala... ka buɗe baki ka ce ka daina!"

Tsahara ce, tana tsaye a gefen layin manyan motocin da ke jira a ɗaga musu ƙarfen kan iyaka a Magama. Ta dire kwanon shinkafa da waken da take sayar wa direbobi a ƙasa, ko rufe shi ba ta yi ba.

Ɗantala ya fito daga ƙarƙashin motarsa yana goge hannu da tsumma. Shi ba mai saurin magana ba ne.

"In ce na daina, alhali ban daina ba?"

"To wa zai bi ka har Ɗan Isa ya duba?"

"Istifanus ai ya bi ni."

"Don Allah bar zancen wancan! Saura kwana tara Kirsimeti, Ɗantala. Kwana tara!"

"Na sani, Tsahara tawa."

"Ba ka sani ba! Da ka sani da ba ka tsaya kana goge hannu kamar ba abin da ya faru ba."

Ya dubi hannun nasa, ya ɗora tsumman a kan taya.

"In na yi musu ƙarya ran Lahadi, ran Alhamis kuma in miƙa hannun ga in karɓi gurasar Ubangiji... da wane baki zan ci?"

"Da bakin da ka ce kana sona da shi!"

Wani direba daga baya ya danna ham, ya leƙo da kai.

"Kai Ɗantala! In zance za ku yi ku matsa gefe, an ɗaga ƙarfe tun ɗazu!"

Ɗantala ya hau mota. Kafin ya ja, ya leƙo ya ce, "Ki rufe abincin, ƙudaje sun taru."

Ta bi motar da kallo har ta wuce ƙarfen, sannan ta sunkuya ta rufe kwanon.

Abin da ya faru ba mai tsawo ba ne.

Masu bin Almasihu a Jibiya a lokacin ba su fi mutum arba'in ba. Wasu manoma ne daga ƙauyukan Bugaje da Riko, wasu kuma aikin kan iyaka ne ya kawo su, tunda kuɗin fetur ya sa motocin kaya ba sa yankewa. Majami'arsu ginin laka ce mai rufin kwano. Ba su da fasto, sai mai bishara. Fasto yana zuwa ne sau ɗaya a shekara, da Kirsimeti. Ya yi wa masu jira baftisma, ya ba da Jibin Ubangiji, ya ɗaura auren da ke ƙasa, washegari ya wuce wata ikkilisiyar. Wanda ya rasa wannan zuwan sai baɗi.

An riga an yi sanarwar auren Tsahara da Ɗantala sau uku.

Ɗantala maraya ne. Wani direba Musulmi, mutumin wajen Maraɗi, da ake kira Maɗugu, shi ya tsince shi a tasha yana ƙarami, ya raine shi, ya koya masa tuƙi. Da Ɗantala ya girma ya kwanta a wani asibitin mishan, can ya ji Maganar Allah, ya gaskata, aka yi masa baftisma. Maɗugu ya yi fushi na wata biyu, sannan ya sauko. Bai kore shi ba.

Bara mota ta faɗi da Maɗugu, ƙafafunsa suka mutu. Yana zaune a Ɗan Isa, garin farko in an tsallaka Nijar. Tun daga lokacin, kowace Juma'a Ɗantala yake ajiye aiki, ya tsallaka, ya goya tsohon ya kai shi masallaci.

Istifanus, akawu a wani kamfanin fiton kaya, kuma magatakardan ikkilisiya, shi ya gan shi yana cire takalmi yana shiga. Shi ya kai wa dattawa labarin. Kowa kuma ya san Istifanus ya taɓa neman Tsahara ta ce a'a.

Dattawa suka kira Ɗantala. Bai musa ba. Suka ce ya tsaya gaban jama'a ya yi alkawari ba zai ƙara taka ƙofar ba. Ya ce ba zai iya ba. Sai aka sa shi ƙarƙashin horo. Wanda ke ƙarƙashin horo a bencin baya yake zama shi kaɗai, ba a miƙa masa gurasa, ba a miƙa masa ƙoƙo, ba a kuma ɗaura masa aure a majami'a.

Babban dattijon kuwa Baba Bulus ne, mahaifin Tsahara.

Da ta koma gida da la'asar ta tarar da sabuwar Vespa a ƙofar gida, wadda Istifanus ya saya a shekarar nan ta Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Yana zaune a zaure da Baba Bulus, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"'Yar'uwa Tsahara, sannu da rana. Kullum muna yi miki addu'a."

"Sannu, Malam Istifanus. Ashe har Ɗan Isa kake zuwa yin addu'ar?"

"Aiki ya kai ni."

"Aikin kallon takalman mutane?"

"Tsahara!" Baba Bulus ya daka mata tsawa. "Wuce ciki!"

Bayan baƙon ya tafi ya same ta a tsakar gida tana wanke kwano. Ya tsaya a kanta.

"Ki saurare ni, ɗiyata. Ban ce ki auri wanga ba, ban ce ki auri kowa ba. Amma in Fasto ya zo ya iske yaron can a bencin baya, zancenku ya ƙare. Ba baɗi, ba baɗin baɗaɗa."

"Baba, ba salla yake yi ba..."

"Mu 'yan kaɗan ne a garin ga. Kowa idonsa na kanmu. Yau ƙafa ɗaya ce a ciki, gobe duka biyun."

"Amma Baba..."

"Na gama magana."

Mahaifiyarta, Inna Delu, tana gefe tana tsince wake. Sai da ya fita ta ɗago.

"Ke kin taɓa ganin abin da idonki?"

"A'a, Inna."

"To kowa na faɗin abin da Istifanus ya gani. Ran Juma'a mata na tsallakawa sayen tabarma. Ki bi su."

Ranar Juma'a ta bi su a bayan akori-kura. Ba ta sha wuyar gano gidan ba, kowa a Ɗan Isa ya san Maɗugu. Ta tarar da shi a ɗaki a kan gadon kara, babban mutum mai faɗin kafaɗa, ƙafafun kuwa sun tsotse kamar na yaro. Ɗantala yana ɗaura masa rawani. Da ya gan ta rawanin ya kusa kuɓuce masa.

"Tsahara! Mi ya kawo ki?"

"A'a, wagga ce?" Maɗugu ya ce, yana dariya. "Shigo, ɗiyata, shigo! To wallahi kin yi haƙuri. Mi kika gani ga wanga mai kunnuwa kamar ƙofar mota?"

Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Na ji abin da ya faru," in ji shi. "Na ce mashi ya bari. Na ce in yi sallata nan bisa gado, Allah na gani. Ya ƙiya. Tun yana ƙarami haka yake, in ya kafe ko birki bai kai shi ba."

"Baba, lokaci na tahiya," Ɗantala ya ce.

"Ba wanda zai iya ɗaukarsa sai kai?" Tsahara ta tambaya a hankali.

Maɗugu ne ya amsa.

"An gwada. Samari biyu suka ɗauke ni, ɗaya hannu ɗaya ƙafa, kamar buhun gero. Na kwana uku ina ihu. Ƙashin bayan ne, ɗiyata. Shi kaɗai ya san wurin."

Ta koma gefe tana kallo.

Ɗantala ya naɗe wani zane ya zagaya da shi ƙugun tsohon ya ɗaure tamau. Ya durƙusa a bakin gado ya ba shi baya. Ya sa hannun hagu ya tallafi wani wuri ƙasa da haƙarƙari, ya tsaya. Bai ɗaga ba sai da Maɗugu ya ja numfashi ya riƙe. Sannan ya miƙe a hankali, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ya soma tafiya da gajerun taku.

Ta bi su daga nesa.

A ƙofar masallaci ya zame takalmansa da ƙafa, ya shiga. Mutane suka buɗa masa hanya, da alama sun saba. Bai daɗe ba ya fito shi kaɗai. Ya nemi inuwa kusa da tulin takalma ya zauna, ya sunkuyar da kai.

Ta matso ta tsaya a bayansa.

"Ba su hana ka shiga?"

"Da farko an yi gunaguni. Liman ya ce a bar ni, uba na ɗauko."

"Kullum nan kake zama?"

"Nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Tsahara."

Ta daɗe a tsaye.

"Ni fa har yanzu ina jin haushinka," ta ce.

"Na sani, abar ƙaunata."

"Kar ka ce mini haka a nan!"

Ya yi murmushi bai ɗago ba. Ta juya ta tafi neman matan da suka zo tare.

A gida ta faɗa wa Baba Bulus duk abin da ta gani. Ya saurara har ta gama. Sai ya ce ƙofa dai ƙofa ce, ya ɗauki Littafinsa ya shiga ɗaki. Ran Lahadi mai bishara ya tambaya ko akwai mai magana daga bencin baya. Ba wanda ya tashi.

Fasto ya iso ran Laraba a bayan babur. Fasto Ayuba sunansa, tsoho ne siriri, ba ya son doguwar magana. Ya yi wa mutum huɗu baftisma a wata ƙorama da ba ta gama ƙafewa ba.

Kirsimeti ta faɗo ran Alhamis. Tun da hantsi majami'a ta cika, zumuntar mata sun yi ankon atamfa, yara da sababbin takalman roba. Aka yi waƙoƙi, aka karanta labarin haihuwar Almasihu. A gaba ga teburi an lulluɓe da farin ƙyalle. A ƙarƙashin ƙyallen akwai dogon burodin nan na Maraɗi, da ƙoƙon ruwan zoɓo, don a nan ba a samun ruwan inabi.

Ɗantala yana can baya shi kaɗai, da farar riga.

Ikkilisiyar nan tana da wata al'ada. Kafin a gutsuttsura gurasa, fasto yakan tuna musu cewa Maganar Allah ta ce mutum ya shirya da ɗan'uwansa kafin ya matso gaban Allah. Duk wanda ke riƙe da wani a zuci sai ya tashi ya taɓa kafaɗarsa, su fita gindin dogon yaron da ke ƙofar majami'a su daidaita. Wanda aka taɓa ba ya ƙin tashi. Kuma ba a taɓa gurasar sai sun dawo, ko da za a kai la'asar. Yawanci mata biyu ne ke fita a kan akuya ta ci wa wata wake, su dawo suna dariya.

Fasto Ayuba ya yaye ƙyallen, ya yi tunin kamar kullum, ya jira.

Ba wanda ya motsa.

Tsahara tana cikin 'yan mata a benci na uku. Ta dubi burodin. Ta dubi tafin hannunta. Ta so ta zauna, don abu ne mai sauƙi, a miƙo ta karɓa ta haɗiye. Fasto har ya kai hannu kan teburi.

Ta miƙe.

Ta bi ta tsakiya, ta wuce mata, ta wuce maza, har bencin dattawa. Ta durƙusa, ta ɗaga hannu ta taɓa kafaɗar mahaifinta.

Majami'a ta yi tsit. Ba a taɓa ganin ɗiya ta taɓa ubanta ba.

Istifanus ya yi wuf ya tashi. "Fasto, wanga rashin kunya ne! Yarinya ta..."

"Zauna, magatakarda," in ji Fasto Ayuba. Ya mayar da ƙyallen kan gurasar. "Malam Bulus, an taɓa ka."

Baba Bulus ya tashi. Bai dubi kowa ba, ya fita, tana biye da shi.

A gindin dogon yaron ya tsaya ya ba ta baya.

"Kin kunyata ni gaban jama'a."

"Ka gafarce ni, Baba. Kai ka koya mini karatu da Littafin ga. Kai ka ce mini kar in taɓa cin gurasar Ubangiji da ƙulli a zuciya. Ina da ƙulli, Baba... da kai nake da shi. In na ci, ƙarya na ci."

"Don namiji?"

"Don namiji, i. Ina son shi! Har na ce mashi ya yi muku ƙarya don a ɗaura mana aure. Shi ya ƙi. Ni da aka haifa cikin ikkilisiya na ce ya yi ƙarya, shi da kuka aje baya ya ce da wane baki zai ci."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"In ka ce kar in aure shi, ba zan gudu ba. Amma bencin ga na baya, can zan riƙa zama. Ba zan iya yin kamar ba komai ba."

Daga ciki an ji jariri yana kuka, uwarsa na lallashi. Can Baba Bulus ya zauna a kan saiwar itacen, abin da bai saba yi ba da kayan sujada a jikinsa.

"Ba ki san kakanki ba," ya ce.

"A'a, Baba."

"Bamaguje ne. Ya mutu da al'adarsa. Da ciwo ya kama shi ya kira ni, ni ne babba. Ya ce in goya shi in kai shi gindin tsamiyar da yake yi wa yanka. Ina sabon tuba lokacin, da zafina. Na ce ba ni zuwa."

Ya tsinci wani kara yana karyawa.

"Ƙannena suka ɗora shi bisa jaki. Yana kuka saboda ciwo, ina ji daga gona. Bai ƙara yi mini magana ba. Kwana shida ya yi."

"Baba..."

"Na san ba ɗaya ba ne da na yaron ga. Na sani. Amma shekara ashirin da biyu ina ce wa kaina daidai na yi. Sai ga wani ya zo, yana goya nashi kowace Juma'a, kuma ko ubansa ba ne na jini... In shi ya yi daidai, ni mi na yi?"

Tsahara ta matso ta durƙusa kusa da gwiwarsa.

"Ban sani ba, Baba."

"Ni ma ban sani ba."

Suka zauna haka. Ba wanda ya leƙo ya kira su.

Da suka koma, Baba Bulus bai nufi wurin zamansa ba. Ya tsaya a tsakiya ya ce wa Fasto yana roƙo a sake duba maganar Ɗantala, yanzu, gaban kowa, don shi ya fi kowa matsawa a yi horon, kuma ba don ikkilisiya kaɗai ya matsa ba.

Fasto Ayuba ya kira Ɗantala. Ya taso ya tsaya, hannuwansa a baya.

"In ka aje tsohon, mi kake yi?"

"In fito in zauna wajen takalma, in yi addu'ata."

"Da sunan wa?"

"Da sunan Yesu Almasihu, wanda aka yi mini baftisma cikin sunansa."

"Za ka daina kai shi?"

"A'a, Fasto."

Fasto ya juya ga sauran dattawan biyu. Suka dubi juna, suka dubi Baba Bulus. Ɗaya ya gyaɗa kai. Ɗayan ya ɗan jima, ya ce shi dai a riƙa lura, sannan ya gyaɗa.

"Nemi wuri cikin maza ka zauna," in ji Fasto.

Ya yaye ƙyallen karo na biyu, ya yi godiya, ya gutsuttsura burodin. Da aka zo kan Istifanus ya karɓa, abin da ke tsakaninsa da Allah ba wanda ya sani. Tsahara ta karɓi nata da hannu biyu. Ba ta waiwaya wajen maza ba, ko sau ɗaya, amma ta ji lokacin da aka kai ƙoƙon benci na biyar, inda Ɗantala ya zauna.

Bayan an tashi, ana rabon shinkafa da nama a waje, Fasto Ayuba ya sami Baba Bulus.

"Gobe zan wuce, ka sani. Sai mu ɗaura auren da azahar, mata su samu su gama girki."

Ɗantala yana kusa, ya ji. Gobe Juma'a. Tsahara ta dube shi, ta dubi ƙasa.

Baba Bulus ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya ajiye cokali.

"A'a, Fasto. A ɗaura da hantsi," ya ce. "Ango na da aiki da azahar."